Halimat Mai Tafireta da Waƙoƙin Sale

Duk wanda ya yi aiki a hawa na uku na waccan ma'aikatar ta tarayya ya san Halimat Datti, ko da bai riƙe sunanta ba. Ita ce gajeruwar matar nan mai tabarau da igiya, wadda ba ta kallon yatsunta in tana buga rubutu. 'Yar Keffi ce. Mahaifinta, Malam Datti, masinja ne, kuma shi ya dage sai ta je Kaduna ta koyi tafireta, domin a cewarsa duk ofishin da ya taɓa shiga, mai tafireta ne kaɗai ba a aika sayen goro.

Ta zo Abuja lokacin da ma'aikatu ke ta tasowa daga Ikko. A motar ma'aikata ta haɗu da Sale, direban da ke kwaso su da safe, wani dogon mutum ɗan Gumel mai yawan dariya. Wata rana mota ta mace musu a hanya, kowa na ta tsaki, sai Sale ya zaro gurmi daga ƙarƙashin kujerarsa ya zauna bakin titi yana kaɗawa har bakanike ya iso. Shekara ba ta zagayo ba aka ɗaura musu aure. Suka kama ɗaki biyu a Karmo, inda suka haifi 'yarsu ɗaya tilo, Nazeefa.

Da mulkin farar hula ya dawo, gari ya canza kamar an kunna masa wuta. Benaye suka yi ta tashi a Maitama, kowa ya rataya wayar hannu, aka cika ofisoshi da kwamfuta. Sai aka fara raɗe-raɗin cewa masu tafireta ba su da sauran amfani. Su goma sha biyu ne a ɗakinsu. Halimat, tana da shekara arba'in da 'yan kai, ta riƙa zuwa wani shago a bakin kasuwar Karmo kowace Asabar tana koyon kwamfuta. Da aka zo rage ma'aikata, su uku aka bari, har da ita.

Shi kuwa Sale bai taɓa barin tuƙi ba, bai kuma taɓa ajiye gurmi ba. Yakan yi wasa a bikin direbobi, ko suna, ko in wani ya samu ƙarin girma. Yana da abokin waƙa mai suna Simon, mutumin Kwali, ɗan ƙabilar Gbagyi, wanda ke aikin ban-ruwan fulawa a gidan wani babba a Maitama. Simon ke busa sarewa, shi ke kuma amshi. Ranar Lahadi bayan ya taso daga coci sai ya biyo Karmo, su rufe ƙofa, su sa kaset a rediyo su yi ta ɗauka har abinci ya huce. Sun fi shekara shida a haka. Ana nan sai ƙafar Simon ta ɗauke. Da Halimat ta tambaya, Sale ya ce mata ya koma gona, bai ƙara ko kalma ba. Ta san halin mijinta, in ya gajarta magana to akwai abin da ke ƙasa, amma ba ta matsa ba.

A shekarar 2010 hawan jini ya kwantar da Sale, bayan kwana tara ya rasu. Nazeefa tana gidan mijinta a Kaduna, ta zo ta yi kwana arba'in ta koma. Halimat ta gama takaba ta koma aiki. Gurmin na nan rataye a bango, kaset-kaset ɗin kuma na cikin wani akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gado. Ba ta buɗe shi ba, don ba ta jin za ta iya.

Wata safiyar Talata, kusan shekara guda bayan rasuwar, tana cikin motar haya a hanyar Sakatariya, sai ta ji muryar mijinta a bayanta. Ta dafa kujerar gaba ta kasa kunne. Wani magidanci ne mai jakar kayan gyaran famfo ya kunna waƙa a wayarsa. Waƙar nan ce da Sale ya yi wa direbobin da ke yini a rana suna jiran iyayen gidansu, wadda ya sa wa suna "Oga Yana Mitin".

Ta juya ta ce, "Malam, don Allah waƙar wane ne wannan?"

Mutumin ya miƙo mata wayar. Babu suna a jiki, lamba bakwai kawai aka rubuta.

Ya ce, "Wallahi Hajiya ban sani ba. A wajen masu tura waƙa aka zuba mini a memori. Wai wani ɗan Nijar ne, ya daɗe da mutuwa."

Ta buɗe baki za ta ce mijinta ne, sai ta fasa. Ta mayar masa da wayarsa ta yi godiya.

A ofis ta kasa aiki, ta buga wasiƙa ɗaya har sau uku. Umar Farouk, jami'in da ke kula da kwamfutocin ma'aikatar, ya shigo duba firinta ya tarar da ita tana share ido. Bakatsine ne mai sanyin magana, magidanci mai 'ya'ya uku, kuma yana girmama ta tun ranar da ta gyara masa kurakurai goma sha ɗaya a takardar da zai kai wa darakta. Ta ba shi labari.

Ya ce, "Anti, ai yanzu mawaƙa shafin intanet suke buɗewa nasu na kansu. A sa hotonsa da tarihinsa da waƙoƙinsa, mai so ya saurara, mai so ya saya. Ki kawo mini kaset ɗin, mako guda na gama miki."

Ta ce, "A'a, Malam Umar. In ka yi mini, ranar da aka yi maka canjin wurin aiki wa zan kama? Koya mini za ka yi."

Ya yi dariya. "Abin fa da wuya, Anti."

"Da hannu ake yi ko da ƙafa?"

"Da hannu."

"To ai shi ke nan."

Haka suka fara, kullum bayan sallar azahar, rabin sa'a kafin a koma aiki. Ya nuna mata yadda ake rubuta wa kwamfuta umarni cikin 'yan alamomi, a buɗe kowane umarni a kuma rufe shi. Saurin yatsunta ya ba shi mamaki, amma saurin ne ya yi ta kayar da ita. Sai ta buɗe ta manta ba ta rufe ba, shafin gaba ɗaya ya koma manyan baƙaƙe kamar sanarwar gwanjo. Wata rana ta sa hoton Sale, ya fito ya cika allon, hancinsa kaɗai ake gani. Ta yi dariya har da hawaye, karo na farko tun rasuwarsa.

Abin da ya fi ba ta haushi shi ne haruffan nan namu masu lanƙwasa. Duk inda ta rubuta waƙa ko ɗan'uwa, sai wani ƙaramin akwati ya fito a madadin harafin. Umar Farouk ya ce ta bar su kawai, kowa ma haka yake rubutawa, ai za a gane.

Ta cire tabarau ta dube shi. "Shekara ashirin da biyar ina bin takarda da biro ina lanƙwasa su bayan na fitar daga tafireta. Ba yau zan fara rubuta wa mijina baƙi ya koma baki ba."

Washegari ya zo mata da layi ɗaya a rubuce a guntuwar takarda, ya ce ta sa a can saman shafin. Ta sa, haruffan suka miƙe.

Sai kuma aikin da ta fi jin tsoro. Ta sayi kwamfutar tafi-da-gidanka ta hannu, ta jawo akwatin daga ƙarƙashin gado. Kaset arba'in da uku ta samu, wasu da rubutun Sale, wasu babu komai. Kowace Asabar da hantsi sai ta haɗa waya daga rediyo zuwa kwamfuta ta zauna. Wani lokaci ana tsakiyar waƙa a ɗauke wuta, sai ta sake daga farko. Wani lokaci rediyon ya tauna zaren, ta zaro a hankali ta naɗe da biro. Ba waƙa kaɗai ke ciki ba. Akwai tarin Sale, akwai kukan Nazeefa tana jaririya, akwai ma wurin da ta ji muryar kanta daga tsakar gida tana cewa, "Ku fa tuwon nan ba zai jira ku ba." Ranar nan kashe rediyon ta yi, ba ta sake taɓa shi ba sai wata Asabar ɗin.

Cikin wata huɗu ta tace waƙa talatin da ɗaya masu jin sauti. Ta jera su a shafi, a ƙarƙashin kowace ta rubuta: Sale Mai Gurmi. Ta kai wa Umar Farouk ya duba kafin a ɗora. Ya sa abin ji a kunne yana gyaɗa kai, can sai ya cire ɓari ɗaya.

"Anti, wane ne mai sarewar nan? Kai, mutumin nan ya iya."

"Simon ne, abokinsa."

Ya gangara da shafin har ƙasa, ya dawo sama. "Ban ga sunansa ba."

Ba da wata manufa ya faɗa ba, amma maganar ta bi ta har gida. Ta sake zazzage akwatin, a can ƙasa ta samo kaset guda ɗaya da aka taɓa buga musu na sayarwa, wanda wani ɗan kasuwa ya fitar shekaru goma da suka wuce. Hoton Sale ne a bangon, da sunansa da manyan baƙaƙe. Ta juya gaba ta juya baya, babu Simon. Ta lissafa shekarun, ta ga a daidai lokacin ne ya daina zuwa. Lallai laifi tudu ne. Ta yi wata huɗu tana jin zafin an share sunan mijinta, ga shi da yatsunta ta share na wani sau talatin da ɗaya.

Ba ta da lambarsa, ba ta san ƙauyensu ba. Abin da ta tuna kawai shi ne matarsa sunanta Justina, kuma tana ginin tukwane. Ranar Asabar ta sa kwamfutar a jaka, ta sayi sabulu da sukari, ta hau motar Gwagwalada, daga nan ta shiga ta Kwali. A wajen masu sayar da tukwane ta yi tambaya. Mace ta uku da ta tambaya ta san gidan, ta kira mata ɗan acaba ta yi masa kwatance.

Ta tarar da Justina a gindin mangwaro tana zagaya wata babbar randa tana shafa ta da tsumma. Matar ta ɗago ta yi mata kallon minti guda, sannan ta saki tsumman.

"Maman Nazeefa! Ke ce?"

Aka aika gona aka kira Simon. Ya zo da fartanya a kafaɗa, ya rame, kansa ya yi fari fat. Da ya gan ta sai ya tsaya daga nesa ya cire hula. Suka gaisa, ya yi mata ta'aziyya da irin Hausarsa da ba ta damu da namiji ko mace ba.

Ya ce, "Sai bayan wata biyu na ji. Na sa takalmi zan zo, kunya ya hana ni."

Ta kira shi da sunan ɗan farinsa ta ce, "Baban Promise, ni ma da kunyar na zo." Ta fito da kaset ɗin nan ta ajiye a kan tabarma tsakaninsu.

Ya daɗe yana kallonsa bai taɓa ba. Sannan ya ce ba wai Sale ne ya ce a cire shi ba, ɗan kasuwar ne ya ce sunan mutum biyu ba ya sayar da kaya. Abin da ya ƙona masa rai shi ne Sale ya gani ya yi shiru. Ya nuna wani faffaɗan dutse a ƙofar gida.

"Sale ya zo nan, ko bai gaya miki ba? Ya zauna a dutsen can tun hantsi har la'asar. Ina cikin ɗaki, na ce a ce ba na nan. Ya san ina nan, don takalmina yana bakin ƙofa. Da zai tafi ya ce wa Justina, a gaya wa mai takalmin ya yi haƙuri."

Halimat ba ta taɓa jin wannan ba. Ta dubi dutsen, ta sunkuyar da kai. Justina ta tashi ta kawo ruwa a kwanon sha, ba wanda ya sha.

Da suka natsu, ta buɗe kwamfutar ta yi masa bayanin abin da take ginawa. Bai gane duka ba, amma ya gane cewa mutum a Fatakwal ko a Makka zai iya ji. Ta ce ba za ta ɗora ko ɗaya ba sai da yardarsa, kuma duk abin da Allah ya kawo, raba shi za a yi gida biyu. Ya ce a fara kunna masa tukuna.

Suka bi waƙoƙin ɗaya bayan ɗaya, tana rubutawa yana faɗa. Wannan ta Sale ce daga kai har ƙafa. Wannan kiɗan na Simon ne, Sale ya ɗora baiti. Guda biyar kuwa ya ce ba na ɗayansu ba ne, karin waƙar mahaifiyarsa ne, Kande, da take yi in tana niƙa, Sale ya ji ya sa musu Hausa. Halimat ta rubuta Kande. Da aka zo kan ta goma sha tara, Simon ya ɗaga hannu tun sarewa ba ta gama shiga ba.

"Wannan kada ki sa."

Ita ce waƙar da Halimat ta fi so a duka. A cikinta muryar Sale ta fi fita, kamar yana zaune kusa da kai.

Ta ce, "Haba Baban Promise, ko kyauta ne? Ba sai an sayar ba."

Ya girgiza kai. "Na binne mutum ne. Ranar da muka dawo daga binne mamana muka yi shi, ni da shi kawai. Ba na jin daɗi ba ne. Ba na so a kunna shi a mota ana cin gyaɗa."

Ta so ta ce ai ita ma tana da haƙƙi a muryar, amma ta ga idonsa. A gabansa ta cire ta daga jerin, ta ce za ta ajiye a gida ita kaɗai. Ya ce wannan ba laifi. Kafin ta tafi ta ɗauke shi hoto da wayarta, sai da ya shiga ya sako rigar zuwa coci. Justina ta cika mata buhu da doya har ɗan acaba ya yi ƙorafi.

A farkon 2012 shafin ya hau, da waƙa talatin da hoton mutum biyu. Kowa na iya sauraron rabin waƙa kyauta. Mai son cikakkiya sai ya biya a banki ya turo mata saƙo, ita kuma ta aika masa ta imel. Mako biyu babu wanda ya ko yi tari. Kullum da safe sai ta duba, ta rufe, ta ce wa Umar Farouk ai sannu ba ta hana zuwa, amma shi ya san ranta ba daɗi.

Wanda ya fara saye ma bai bi ta banki ba. Wani tsohon direba ne, Abraham, da suka yi aiki da Sale. Ɗiyarsa ce ta nuna masa shafin, shi kuwa ya hawo bene har hawa na uku yana haki, ya ce shi bai san imel ba, a zuba masa duka a waya. Daga bakinsa labari ya bazu a tashar direbobin ma'aikatu. Sannan saƙonni suka fara shigowa jefi-jefi: wani soja daga Jos, wata malamar jami'a da ke nazarin waƙoƙin Gbagyi, wani mai tuƙa tanka da ya rubuto cewa Sale ne ya yi wasa a bikinsa. Abin bai taɓa zama na arziki ba, kuma masu tura waƙa a kasuwa ba su fasa ba. Amma duk ƙarshen wata Simon kan kira ta ya ce ya ga saƙon banki, daga nan su zarce da hirar damina.

Ba a jima ba aka mayar da Umar Farouk wata hukumar. Bayan tafiyarsa shafin ya taɓa lalacewa, aka buɗe aka ga fari fat. Ta ɗauki waya za ta kira shi, ta ajiye. Kwana uku tana bin rubutun layi-layi da kan biro, kamar yadda take duba wasiƙar darakta, har ta gano alama ɗaya da ta goge ba da sani ba. Sai bayan ta gyara ta kira shi ta ba shi labari.

Ta yi ritaya a 2014. Nazeefa ta yi ta roƙonta ta dawo Kaduna, ta ce tukuna. A watan da ta ajiye aikin ne Justina ta kira ta. Ta ce matan da suke ginin tukwane tare sun ga hoton Simon a wayar wani, suna tambaya ko su ma za a iya ɗaukar waƙoƙin da suke yi wajen kirɓa yumɓu, don 'yan matan yanzu ba sa koyo. Halimat ta ce ita fa ba ta taɓa ɗaukar murya da kanta ba. Justina ta ce su ma ba a taɓa ɗaukarsu ba.

Ta sayi ƙaramin makirfo ta tafi. Mata tara ta tarar a gindin mangwaron, kowace ta ci ado kamar za a biki, sai da ta lallashe su suka cire sarƙoƙin da ke ƙara. Ɗauka ta farko zakara ya ɓata, ta biyu wata tsohuwa ta fashe da dariya a tsakiya ta ja sauran. Simon ya kori kajin zuwa bayan gida ya tsaya gadi da sanda. A ta huɗu aka samu. Kafin la'asar sun ɗauki waƙa shida, suka yi da ita za ta dawo bayan an cire doya. Da za ta tafi suka ba ta tulu sabo, ta rungume shi a cinya tun daga Kwali har Karmo, kwandasta na ta mitar ya kamata ta biya kuɗin mutum biyu.